Jigo Kaɗai Ba Ya Riƙe Mai Kallo: Sharhi a Kan Daftarin Wani Wasan Talabijin

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba wani daftari da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini kafin ya gabatar da shi ga wani gidan talabijin a Abuja. Wasa ne mai dogon zango, kashi 13, wanda ya gina a tashar motar Utako.

Zaɓen wurin abin yabo ne. Tasha matattara ce: ga direba, ga ɗan kamasho, ga mai abinci, ga baƙon da ya sauka da dare bai san kowa ba. Sai dai marubucin ya cika shafi huɗu yana bayanin jigo, wato illar kwararowar matasa birni, amma bai ba taurarinsa ko shafi guda ba. Nan gizo ke saƙar. Mai gidan talabijin ba wa'azi yake saye ba. Tambayarsa guda ce: me zai dawo da mai kallo mako mai zuwa?

Adabinmu ya daɗe da amsa wannan tambaya. A Magana Jari Ce (1937), Abubakar Imam ya ɗora wa aku nauyin hana Musa fita, don haka kowane labari yana da dalilin zuwansa, kuma ƙarewarsa na sa a jira na gaba. Samanja na Usman Baba Pategi ya daɗe a NTA Kaduna saboda halin tauraron shi ke haifar da rikici, ba sai an ƙirƙiro masa ba. Haka Daɗin Kowa na Arewa24 ya rayu domin garin cike yake da mutanen da bukatunsu ke karo da juna.

A daftarin nan kuwa, tauraron ya shiryu tun a kashi na 3. Me za a nuna a sauran goman?

Shawarata ga marubucin, da ɗalibanmu masu irin wannan buri, ita ce a fara da mutum. A faɗi abin da yake nema, da wanda ya tare masa hanya, da abin da zai rasa in ya faɗi. Idan wannan bai shiga jimla uku ba, daftarin bai nuna ba tukuna, kuma ƙofar da aka ƙwanƙwasa da ɗanyen aiki ba kasafai take sake buɗewa ba.