Yanar da Mai Walda Yake Tsaro

A birnin Akara, daga Kokomlemle zuwa Nima da Maamobi, ƙofofi da makaran bene na ƙarfen silba sun yi yawa. Wasu suna shekaru suna ƙyalli, wasu kuwa kafin damina ta zagayo bakin waldarsu ya yi ja. Sau da yawa ƙarfen iri ɗaya ne. Hannun mai walda ne ya bambanta.

Silba ba ya tsatsa ne saboda kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ne yake haɗuwa da iska ya yi wata yana a fuskar ƙarfen, siririyar da ido ba ya gani. Muddin tana nan ƙarfen a rufe yake. Ta yage, ya koma abin ci. Hali biyu ke nan, kuma ƙarfen ba ya son zama a tsakani. Wutar walda tana lalata yanar, alamar hakan ita ce shuɗi da ruwan ƙasa da ake gani gefen ɗinkin walda. Gishirin iskar tekun Akara kuma ta nan yake samun ƙofa.

Gwani bai gama aiki ba don wuta ta mutu. Zai goge tabon, ya shafa man asid, ya jira, ya ɗauraye da ruwa mai yawa, ya bar iska ta sake saƙa yanar. Buroshin da ya taɓa baƙin ƙarfe kuwa ba ya kusantar silba. Ka ji masta ya daka wa yaro tsawa, "Kai, ajiye wannan!", to ba faɗan banza ba ne: ɓurɓushin da ya maƙale zai zama masomin tsatsa.

Abin da ya sa tabo ɗaya yake da haɗari haka, wani masani ɗan Kanada, Ralph Lillie, ya nuna shi tun 1918. Ya tsoma wayar baƙin ƙarfe cikin asid ɗin nitirik mai kauri, dangin wanda maƙeran zinariya suke gwaji da shi. Maimakon ta narke sai ta yi yana ta zauna lafiya. Da ya karce gefe ɗaya, sai duhu da kumfa suka taso a wurin suka ruga har ƙarshen wayar, yanar tana sake rufewa a bayansu. Wurin da ya buɗe da wanda ke rufe sun zama ɗan ƙaramin batir, lantarkinsa yana cinye yanar maƙwabci, maƙwabcin ya yi wa na gaba. Kamar wutar daji ce a busasshiyar ciyawa: ba ta komawa inda ta ci, in biyu suka yi karo kuma duk su mutu. Haka saƙo yake tafiya a jijiyar mutum, kuma jijiyar Lillie yake nema ya gane, ba tsatsa ba. A 1925 ya zura wayar cikin guntayen bututun gilashi, ya ga saƙon yana tsallake daga giɓi zuwa giɓi da ƙarin sauri, shekaru kafin a tabbatar da hakan a jijiya mai rai.

A 2004 masu bincike na Cibiyar Fritz Haber da ke Balin da Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka sa ido kan silba kansa a ruwan gishiri. Sun ga kowane ɗan rami yana fitar da ruwa mai ci da ke raunana yanar kewaye da shi, sai sababbin ramuka su yi ta ɓullowa, ɓarnar tana yaɗuwa.

Ni dai in zan ba da aikin ƙofa, ba na tsayawa kan kyan zane. Bayan ƙofar nake leƙawa, can ƙasa wajen maratayi inda mai saye ba ya dubawa, in ga ko an wanke ɗinkin wurin.