Rigar Sarki da Zaren Roba

Duk lokacin da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗauko tarihin Damagaram, ko na Tanimun ne ko na Amadu Kuran Daga, akan ga an yi ƙoƙari wajen harshe da kirari da kiɗan fada. Ana zuwa tufafi kuwa sai ƙoƙarin ya raunana. Akan samo saƙi na gaske daga hannun masaƙa, sannan a miƙa wa tela ya bi shi da keke da zaren roba mai ƙyalli. Da zarar fitilar dandali ta haska ƙirjin sarki, aikin rigar sai ya riƙa walƙiya kamar leda, ya shaida wa mai kallo cewa jiya aka ɗinka ta.

Wannan zare, wato foliyesta, a Ingila aka ƙirƙiro shi a 1941, fiye da shekara arba'in bayan sojan Faransa sun shiga Damagaram a 1899. Madinkan ƙarni na 19 da wasu zaruruwa suka yi aiki. Akwai zaren auduga da mata ke kaɗawa da mazari bayan gurza da shiɓa, da shi ake haɗa ƙwarya da ƙwarya har riga ta tashi. Akwai tsamiya, silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da toka kafin a kaɗa. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, ba ya ɗaukar ido, shi ne kuma adon aska biyu da aska takwas a rigunan manya. Akwai alharini, jan silikin da ayari ke kawowa daga Tarabulus ta hanyar Gadamas, wanda Bajamushe Heinrich Barth ya ba da labarin cinikinsa a Kano a 1851, kafin ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852.

Maganar ba ta tsaya ga kyan gani ba. Baba ba ya kama zaren roba: in an tsoma rigar a marina, auduga ta yi baƙi, ɗinki ya fito fari kamar zanen alli. Ga shi ya fi zaren hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka idan ɗan wasa ya ɗaga hannu ya yi jinjina, zaren ba zai tsinke ba, sai dai ya yanka saƙin. Ɗinkin da ya warware allura ce maganinsa. Ƙwaryar da ta yage kuwa sai an koma wa masaƙi.

Amma fa ba kowane zaren auduga ne ya dace ba. Wanda ake sayarwa a kanti galibi an jiƙa shi da sinadari don ya yi santsi da sheƙi, shi ma yakan bambanta da saƙin da ya zauna a kai. Zaren lilin da masu ɗinkin kayan tarihi a Turai ke yabawa ya dace da tufafinsu, ba da namu ba. Ƙa'idar ɗaya ce: zare ya zama ɗan'uwan yadi a asali da kauri da launi. Mai shakka ya kai bakin zaren ga ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka, siliki yakan yi ƙaurin gashi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Masu shirya wasa suna da hanzarinsu, kuma ba na banza ba ne: kuɗi kaɗan, lokaci ƙurarre, masu kaɗi sun yi ƙaranci, aikin hannu na babbar riga kan ci watanni. Ana iya yi musu uzuri a wandunan dakaru da ɗinkin ciki da ido ba ya kaiwa. Rigar sarki ɗaya ce tak a dandali, ita kowa ke kallo, ita ce kuma za ta zauna a zukatan ƴan makaranta a matsayin kamannin kakanninsu. Ƙungiyar da ta nemi tsohuwa mai mazari da maɗinkin hannu don wannan riga ɗaya ta gyara tarihinta, ta kuma sa hatsi a gidan masu sana'ar da ke neman ɓacewa. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.