Wace Ƙa'ida Ce A Hannun Malam?

A wani zaman ƙara wa juna sani na malaman da ke koyarwa da harsuna biyu, gardama ta kaure tsakanin mutum biyu a kan rubuta kalmar "ƴaƴa". Ɗaya ya ce da ƴ mai lanƙwasa ake yi, ɗaya ya ce da 'y. Kowannensu ya zaro takarda daga jaka, kuma kowace takarda tana kiran kanta ƙa'idojin rubutun Hausa. Da na karɓa na duba, babu wadda ke ɗauke da shekara ko sunan hukumar da ta fitar da ita. An yi ta kwafar kwafi har shafin farko ya ɓace. Aka tashi kowa na riƙe da hujjarsa.

Ba laifin malaman ba ne. Ƙa'idar rubutun boko ta sha gyara, kuma kowane gyara ya bar littattafansa a baya. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun kafu a Zariya tun shekarun 1930. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya buɗe wani babi, inda littattafan yaƙi da jahilci na Nijar suka riƙa ninka wasali domin nuna tsawonsa, ana rubuta "raanaa" a maimakon "rana". A 1980 masana suka haɗu a Yamai domin daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninkin. Sannan a 1999 dokar minista mai lamba 212 ta tsayar da ƙa'idar da Nijar ke bi, da ƴ ɗinta, yayin da Nijeriya ta zauna a kan 'y. Malamin da ya zaro 'y bai yi ƙarya ba. Takardarsa ce ta tsallako iyaka ba tare da ta faɗi asalinta ba.

Gyara ba aibi ba ne ga ƙa'ida. Abin da nake suka shi ne yadda kwafinta ke yawo a hannun jama'a tsirara. Takardar da ake hukunci da ita a kan jarrabawar yaro ya wajaba ta faɗi, a ƙasan kowane shafi, bugu na nawa ce, ta wace shekara, kuma wanne ta soke. Ya kamata ta zo da ɗan jadawali mai cewa: da ana rubuta kaza, yanzu kaza. Rabin shafi ya isa. Rashinsa ne ke sa malami a Tawa ya ja jan layi a ƙarƙashin abin da malami a Damagaram ya koyar.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa, domin ba a ɗauke ta canji ba. Sai a ce za a sake buga takarda don ta yi kyau: a sauya ƙirar haruffa, a gyara shafi. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a na'ura suna aro wasu maɓallai su ɗora musu haruffa masu lanƙwasa. Da zarar an buɗe irin wannan rubutu a na'urar da ba ta da ƙirar, sai ƙ ta koma wata alama dabam, mai gyara kuma ya mayar da ita k ya wuce. Nan take "ƙafa" ta zama "kafa", "baƙi" ya zama "baki", "ɓata" ta zama "bata". Na taɓa riƙe kwafin da ke bayanin harafin ɗ alhali babu ɗ ko ɗaya a cikinsa! Wanda ya buga shi zai rantse bai taɓa ƙa'ida ba, kwalliya kawai ya yi. A rubutun Hausa lanƙwasa ba kwalliya ba ce, don haka duk sabon zubi yana bukatar lamba tasa da mai karanta shi harafi bayan harafi kafin ya fita.

Shi kansa Unicode abin koyi ne a nan. Tun fitowarsa a 1991 kowane bugu yana da lamba, ana bayyana abin da aka ƙara, kuma an yi alkawarin harafin da ya samu gurbi ba za a sake ɗaga shi ba. Haruffanmu huɗu suna ciki, manya da ƙanana.

Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, masu neman wannan takarda za su wuce malaman aji: akawu, alƙali, ɗan jarida, mai rubuta allon kanti. Ƙungiyoyinmu na raya al'adu suna iya fara abin da ke hannunsu: su nemo cikakken matanin 1999, su buga shi da Unicode, su sa lamba da shekara a kowane shafi, su raba wa makarantu, su kuma roƙi malamai su rubuta "tsohon bugu" a kan abin da ke cikin jakunkunansu.