Mawaƙin Adar da Kamara a Hannu

Makarantar da ake koyar da aikin kamara da ɗaukar sauti a Nijar, wato IFTIC, tana Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa ta ƙasar Adar. Yaron Adar da fim ya shiga ransa ba kasafai yake bi ta can ba. Ta ƙofar waƙa yake shigowa. Zai yi waƙarsa a ƙaramin sutudiyo, ya rasa kuɗin biyan mai ɗaukar hoto, sai ya ari waya mai kyau, ya tsayar da abokinsa a kan tudu da la'asar, ya ce masa ya matso, ya ja baya. Da dare ya zauna gaban kwamfuta yana tace hoton, yana yanka daidai inda ganga ta faɗi. Bai san ya fara aikin darakta ba, amma ya fara.

Wannan hanya tana da tushe a Kano. Tun daga lokacin fim ɗin Sangaya, waƙa ce ke sayar da fim ɗin Hausa, kuma mawaƙa irin su Nazifi Asnanic sun tashi daga gaban makirfo sun koma bayan kamara. Wannan kiɗan na Kano ne ya ja Mdou Moctar, Buzu ɗan yankin Cintabaradan da Abalak, zuwa Sakkwato a 2008, inda ya naɗi kundinsa Anar da muryar inji irin ta waƙoƙin fim. Shi ma ba wanda ya koya masa. Gidansu ba su son kiɗa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, da hagu kuma yake kaɗawa. Waƙoƙinsa sun bi wayoyin salula daga hannu zuwa hannu har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds. A 2015 aka fito da Akounak Tedalat Taha Tazoughai, fim da yaren Tamashek da aka ɗauka a Agadas, an ɗora shi a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Mdou ne jarumi, rayuwarsa ce aka zuba a ciki, amma Kirkley ne mai ba da umarni. Wannan yana damuna. Fim ne mai daɗin kallo, sai dai tsarin labarin aro ne, kuma idon da ya zaɓi abin da za a nuna na baƙo ne.

Shi ya sa nake ganin mai shirya fim Moustapha Alassane ya fi cancanta matasan Tawa su yi nazarinsa, ko da yake ba mawaƙi ba ne. An haife shi a 1942, makanike ne tun asali. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska inuwarsa da fitila don mutane su kalla. Haɗuwarsa da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai ta buɗe masa hanya, daga baya ya je Kanada wurin mai zane mai motsi Norman McLaren, amma hannunsa ya riga ya faɗa kafin nan. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, zane mai motsi a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, zambo ne ga masu mulkin wancan zamani. A shekarar kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, suka addabi gari. Dubi bambancin. Shi ma ya ari siffar fim ɗin Amurka, amma ya juya ta ya yi tambaya da ita: me ke samun yaranmu idan sun mayar da abin da suka gani a majigi rayuwarsu? A Tawa ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa, yana riƙe da otel, ya mayar da wani sashensa ɗakin aiki, yana motsa 'yan tsana da zane hoto ɗaya bayan ɗaya, har ya koyi yin haka da kwamfuta da furfurarsa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Mawaƙi yana zuwa da abin da ba a saya a kasuwa, wato kunne. Ya san inda za a yanke hoto, ya san lokacin da mai kallo ya gaji, ya saba tsayawa gaban taron biki ya karanci fuskoki. Rauninsa kuma daga nan yake. Waƙa minti biyar ce, amshi yana rufe mata asiri. Fim na awa ɗaya da rabi ba shi da amshi. Sai ka ga labari ya zama igiyar shanya, an rataya masa waƙoƙi huɗu, tsakaninsu saurayi da budurwa suna ta maimaita magana ɗaya a falo. Abin takaici, sautin maganar ma yakan lalace, iskar hunturu tana bugun makirfo, alhali mai fim ɗin mutumin sauti ne.

Abin da ya rage masa shi ne zaman rubutu, kuma kayan rubutun suna ƙofar gidansa. Adar ƙasar 'yan ci-rani ce. Bayan girbi samari suna cika motoci zuwa Abijan da Legas da Libiya, mata su riƙe gida wata da watanni, albasar Galmi tana jiran farashi a rumbu, ana kokawa a fili bayan kaka. Alassane ya ga kokawar nan ya yi Kokoa da 'yan tsanansa. Matar ɗan ci-rani kuwa, wadda mawaƙan Adar suka daɗe suna rera kewarta, ta cancanci darakta ɗan ƙasarta da zai zauna ya rubuta mata labari tun daga ranar da motar mijinta ta tashi daga tasha.