3.4 Jigon Godiya da Miƙa Kai a Waƙoƙin Sujada na Zamani

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, waƙar sujada cikin Hausa ta faro ne daga fassarar waƙoƙin Turawan Mishan, waɗanda aka tattara a Littafin Waƙoƙi. Mawaƙan zamani kuwa su ke ƙaga abinsu, su ɗora shi a kan jita da ganga. Sunayen waƙoƙi biyu sun isa su nuna jigogin da suka fi rinjaye, wato “Na Gode” ta Solomon Lange, mutumin Jihar Kaduna, da “Na Ba Ka” ta Jeremiah Gyang na Jos, wadda ta fito a 2004. Ta farko godiya ce, ta biyu miƙa kai.

Godiya ba baƙuwa ba ce a waƙar Bahaushe. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan keɓe ɗiyan waƙa domin lissafa kyautar da uban gida ya yi musu, doki ne ko riga, kuma Shata ya ƙara da mota da kujerar Makka. A nan makaɗi mai karɓa ne, godiyarsa kuma share fage ce ta roƙon gaba. Mawaƙin sujada ya gaji wannan tsari kusan dungurungum. Yakan yi wa Ubangiji kirari da kalmomin sarauta, ya kira shi Sarkin Sarakuna, sannan ya jero alheran da ya samu. Wannan ne ya sa ɗiyan godiya suka fi armashi, domin harshen ya riga ya tanadar musu kayan aiki.

Inda aka rabu shi ne abin da ke biyo bayan godiyar. Makaɗin fada yakan koma gida da kyautarsa, shi kuwa mai sujada sai ya juya ya zama mai bayarwa, abin da zai bayar kuma shi ne ransa. (An lura cewa mawaƙan sun fi cewa “ba da kai” ko “miƙa rai”, ba su cika cewa “miƙa wuya” ba, watakila domin da wannan lafazi ne malamai kan fassara ma'anar Musulunci.)

A ra'ayin mai wannan nazari, a nan ne raunin yawancin waƙoƙin yake. Godiya takan samu warwara mai tsawo, a ambaci lafiya da aiki da aure da haihuwa, amma miƙa kai sai a bar shi a amshi, ana ta maimaita shi ba tare da an faɗi abin da mutum zai rasa ba. Idan godiya ta tsaya ga abin hannu kawai, to me wanda bai samu ba zai rera? Tambayar tana da nauyi, domin masu rera waɗannan waƙoƙi sun haɗa da waɗanda suka binne 'yan uwa a rikicin Jos na 2001 da 2008, da iyayen 'yan matan Chibok da aka sace a 2014, waɗanda akasarinsu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. Ta wannan fuska waƙoƙin Zumuntar Mata, da ake yi da tulu da tafi, sun fi na faifai zurfi. Jagora takan ambaci rashin miji ko ƙonewar gida ƙarara, kafin 'yan amshi su karɓa da godiya.