Takardar Bayani, Marainiyar Rubutu

A cikin dukan rubuce-rubuce babu marainiya kamar takardar nan da ake sakawa tare da kaya domin ta nuna yadda za a yi aiki da su. Gwanayen alƙalami gudunta suke yi, dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai littafin hikaya ana buga sunansa a bango, amma mai takardar bayani ba wanda ya san shi. In ta yi kyau a yabi kamfani, in ta ɓaci a ɗora masa laifi. Ba a kuma kiransa sai an gama ƙira, kaya suna jiran jirgi, maƙera ba su da sukunin amsa tambayarsa.

Saboda haka aikin yakan faɗa hannun maƙerin kansa, wanda sani ya yi wa yawa har ya manta yadda rashin sani yake. Ko kuwa ya faɗa hannun lauya, wanda nufinsa ya tsare kamfani daga ƙara. Dukansu biyu ba su dubi mai karatu ba.

Wannan sakaci har rai yakan ci. A cikin 1971 gwamnatin Iraƙi ta sayo irin alkama da sha'ir daga Meziko da Amurka. An cuɗe irin da maganin ruɓa mai zaiba, aka rina shi ja-ja. Gargaɗin da ke jikin buhunan da Sifaniyanci da Turanci aka rubuta shi, alhali manoman Larabci suke ji. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa da aka zana bai gaya musu kome ba. Irin ya iske da yawansu sun riga sun yi shuka, sai suka wanke rinin, suna zaton dafin ya tafi, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can.

Lalle makarar irin tana da nata laifin. Amma wanda ya rubuta gargaɗin ya sauke nauyi ne a takarda kurum, bai tambayi ko wane ne zai kwance buhun ba.

Gyaran ba wuya gare shi ba. A zaunar da marubuci tare da maƙera tun farkon aiki, a biya shi ladan gwani. In ya gama, a miƙa takardar ga baƙon da bai taɓa ganin abin ba, cikin harshensa, a zuba masa ido. Duk inda ya yi tuntuɓe, takardar ce ke bukatar gyara.