Tsara Waƙoƙin Gargajiya Domin Ƙungiyoyin Mawaƙa: Nazari a Kan Ayyukan Veljo Tormis da Ephraim Amu

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe da dama na duniya akwai wani fanni na waƙa inda masani ke ɗauko waƙar gargajiya ko rubutacciyar waƙa, ya tsara ta a takarda domin ƙungiyar mawaƙa ta rera, wato abin da ake kira kwaya a majami'u da wasu makarantu. Bisa al'adar Turai, akan kasa mawaƙan gida huɗu: mata masu siririyar murya, da matan da muryarsu ke ƙasa da wannan, da maza masu ɗaga murya, sannan maza masu kakkaurar murya. Kowane gida da hanyar da muryarsa ke bi, amma su haɗu su ba da amo ɗaya. Wannan maƙala za ta duba ayyukan mutum biyu da suka shahara a fannin, ɗaya daga Turai, ɗaya daga Gana, domin malamanmu masu shirya yara zuwa gasar al'adu su sami abin dubawa. Ma'aunin da za a ɗora su a kai guda ɗaya ne: bayan an gama yi wa waƙa ado, shin masu ita za su ji ta su gane abarsu, su kuma fahimci kalmominta?

2.0 Veljo Tormis da Waƙoƙin Istoniya

Istoniya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Tun daga shekarar 1869 suke gudanar da bikin waƙa na ƙasa, wanda aka fara a birnin Tartu, daga baya ya koma Talin, inda mawaƙa fiye da 20,000 kan tsaya wuri ɗaya su rera tare. A wannan ƙasa aka haifi Veljo Tormis a 1930, ya rasu a 2017, kuma ya bar waƙoƙin ƙungiya kimanin 500.

Tsohuwar waƙar mutanen Istoniya, wadda suke kira regilaul, tana da siga da Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba. Jagora ce ke bayar da layi mai gaɓa takwas, kafin ta dire 'yan amshi su cafe ƙarshensa su maimaita, ita kuma ta sami damar numfasawa ta kawo na gaba. Karin gajere ne, ba ya hawa da nisa, kuma haka za a yi ta juya shi har waƙa ta ƙare. Masu tsara waƙa da yawa sun ɗauki wannan maimaici a matsayin talauci, don haka sukan faɗaɗa karin su cusa masa salon waƙar majami'a ta Jamus.

A nan ne Tormis ya bambanta. Yakan bar karin yadda aka naɗo shi daga bakin tsofaffi, ya bar shi yana maimaituwa, sai ya sa gwanintarsa a abin da ke kewaye da shi. Wani gida ya riƙe amo ɗaya mai tsawo a ƙasa, karin ya tashi daga bakin mata ya koma bakin maza, ƙarar ta yi ta hauhawa a hankali har ta cika ɗaki. Babban aikinsa, wanda ma'anar sunansa ita ce Al'ummomin da Aka Manta, ya ɗauke shi daga 1970 zuwa 1989, kuma ya ƙunshi waƙoƙin ƙananan ƙabilu shida masu dangantaka da mutanen Istoniya, kowace a cikin harshenta. Ya yi wannan aiki ne lokacin da ƙasarsa ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, kafin ta dawo da 'yancinta a 1991.

Duk da haka, aikin yana da nasa rauni. Waƙar da jagora ke ƙara mata layi gwargwadon yanayin biki, da zarar an rubuta ta, ta tsaya cik a siga ɗaya. Haka kuma da yawa daga cikin ayyukansa sai ƙwararrun mawaƙa ke iya rera su, a gaban jama'ar da ke zaune shiru, alhali asalinsu waƙoƙin aure ne da na aiki da kowa ke sa baki. Harshen Libon, ɗaya daga cikin shidan nan, mace ta ƙarshe da ta tashi da shi tun daga goyo ta rasu a 2013. Waƙoƙin sun tsira a takarda da faifai, amma dandalin da ya haife su bai tsira ba.

3.0 Ephraim Amu da Matsalar Karin Harshe

Ephraim Amu (1899-1995) ɗan ƙabilar Ewe ne daga Peki a ƙasar Gana. Ya koyar a kwalejin horon malamai ta Akropong, inda ya sami saɓani da shugabannin majami'arsa saboda ya hau mumbari da tufafin gargajiya, abin da ya sa ya koma Achimota a 1934. Kafin nan, a 1932, an buga masa littafin waƙoƙi 25 cikin harshen Twi. Waƙarsa ta 1929, Yen Ara Asaase Ni, ta zama kamar taken ƙasa na biyu a Gana.

Matsalar da Amu ya fuskanta ta fi ta Tormis wuya. Twi da Ewe harsuna ne masu karin sauti, wato hawa da saukar murya na sauya ma'anar kalma. Ƙa'idar Turawa kuwa ta fi son idan murya ɗaya ta hau, wata ta sauka. To, idan aka bi wannan ƙa'ida, gida biyu za su furta kalma ɗaya da ma'ana biyu a lokaci guda. Maganin da Amu ya kawo shi ne ya sa kari ya bi hawa da saukar magana, sauran muryoyin kuma su bi shi a jere, su hau tare su sauka tare. Wani lokaci kuma yakan sa gidajen su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi kalmarsa daidai. Bugu da ƙari, ya ɗauko tafiyar waƙoƙinsa daga kiɗan gangunan ƙasarsa. A Nijeriya, Farfesa Laz Ekwueme ya yi nazari mai zurfi a kan irin wannan matsala a harshen Ibo, kuma ya kafa ƙungiyar mawaƙansa a 1974.

Inda za a iya kushe Amu shi ne, mai sauraro na jin ƙamshin waƙar mishan a yadda yake dire layukansa, musamman a ayyukansa na farko. Sannan mafi yawan kalmomin nasa ne na kansa, don haka abin da ya adana salon gargajiya ne, ba waƙoƙin ƙauye ɗaya-ɗaya kamar yadda Tormis ya yi ba. Amma a kan ma'aunin da muka kafa ya ci nasara, domin manomi a Gana na jin waƙarsa ya fahimci abin da ake faɗa.

4.0 Abin da Ya Shafi Hausa

Hausa ma harshe ne mai karin sauti. Alal misali, da karin sauti ake bambance wuya ta jiki da wuya ta wahala, ko kukan yaro da itacen kuka. Sai dai a waƙar Hausa akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato tsawon gaɓa. Bambancin gari na mutane da gari na tuwo yana ga tsawon wasalin farko, kuma a kan jerin dogayen gaɓoɓi da gajeru aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙa, daga ta Sa'adu Zungur har zuwa ta Aƙilu Aliyu. Saboda haka, malamin da ya ɗauko kari daga waje ya ɗora wa waƙar Hausa, ya ja gajeriyar gaɓa domin ta cika gurbi, ya karya waƙar ko da muryoyin yaran sun yi zaƙi.

Haka nan, ba sai mun aro tsarin rera waƙa a ƙungiya ba. A waƙoƙin gaɗa da na daɓe akwai mai bayarwa da masu amsawa. A waƙar fada kuwa, duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo ya ji yadda 'yan amshinsa ke karɓe layi kafin ya dire, su yi masa ƙari, su miƙa masa. Wannan karɓeɓeniya ita ce harsashin da ya kamata mai tsara waƙa ya ɗora gininsa a kai.

5.0 Kammalawa

Daga Tormis mun ga cewa maimaici ba aibi ba ne, kuma ana iya ƙawata waƙa ba tare da an taɓa karinta ba. Daga Amu mun ga cewa harshe ne ke gaba, kari na biye. Shawarata ga malamai ita ce, kafin a koya wa yara waƙar dandali domin gasa, a je wurin tsofaffin matan da suka yi ta a ƙuruciyarsu, a naɗi muryarsu, a rubuta sunan garin da aka samo ta. A bar jagora da 'yan amshi yadda suke, a bar tafi, kuma a bar wa jagora sarari ta ƙara nata layin. Idan an gama shiri, a gayyato waɗannan tsofaffi su saurara kafin alƙalan gasa su ji, domin masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan suka sa baki suka amsa, aiki ya yi. Idan kuwa suka tambayi wace waƙa ce wannan, to a koma a sake shiri.